Tukunyar da Ta Bi Shanu Arewa

Ruga, arewa da Belbeji
Maris 1978

Zuwa ga taubashina Ila bakanike, a tashar Tanut.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina aiki, ina zafi? Mu nan sai godiya. Maigidana ya yi fama da ciwon ido ya warke, shanu sun rame amma duk suna tsaye da ƙafafunsu.

Kada ka tsaya juya takarda kana neman mai ita. Ni ce Kulu ta Falanko, jikar Mairama ƙanwar kakanka, wadda ta tura ka cikin tafki shekarar da kuka zo biki, ka fito kana kuka da laka har kunne. Ni ce dai wadda ta auri Bafillacen da ya yi wa Baba kiwo bayan fari. Rubutun nan da hannuna na yi shi, karatun manya bai tafi a banza ba. Ɗan Azumi mai kamiyon kasuwar Belbeji ya ce a garejinku ake yi mishi gyara, shi ya sa na ba shi ya kawo maka.

Ba ka zo aurena ba, ko ludayi ba ka aiko ba. Na yafe, amma da sharaɗi. Tukunya nake so, ta ƙarfe, wadda ba ta fashewa.

Bari ka ji dalili. Na zo gidan nan da tukwanen ƙasa irin namu, Goggo ce ta zaɓa, ta ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. A Falanko tukunya a kan murhunta take tsufa. Nan kuwa murhu ba ya daɗewa wuri ɗaya. Da ciyawa ta ƙare sai a ɗaure kaya a kan takarkari a yi gaba, shi kuwa takarkari bai san mutuncin tukunya ba. Yau guda ta rage mini, ita ma da tsaga a wuya, na ɗaure ta da igiya. Da can mutanen nan ba ruwansu da tukunya, nono ke riƙe da su. Tun da fari ya cinye garke nonon ba ya kaiwa ko'ina, sai an haɗa da gero.

Bara da damina ta faɗi za su bi shanu arewa, sai Inna, uwar maigidana, ta ce 'yar Haɓe da tukwanenta ba su iya doguwar tafiya ba. Aka bar ni a Belbeji a ɗakin wata 'yar uwarsu har kaka. Suka tafi da yarinyar da na haifa, don ka san ɗiyar fari ta kaka ce, tun da aka yaye ta a wurin Inna take. Can suka yi ta shan gumba, ba dafaffe. Ta dawo duk ƙashin wuya, ta ɓuya a bayan zanen Inna tana leƙena kamar ba ta taɓa ganina ba.

Bana ba na so a bar ni. Inna ba muguwa ba ce, maganarta ɗaya ce kawai: abin da ba ya jure hanya ba ya hawa takarkari. A kasuwar Belbeji ba a kawo tukunyar kirki, kai kuwa kana bakin hanyar Damagaram. Ka nemo mini kafin ruwan farko.

Taubashiyarka,
Kulu


Tanut
Afrilu 1978

Zuwa ga baiwata Kulu.

Takardarki ta same ni a ƙarƙashin mota, na karanta ta da baƙin mai a hannu. Lafiyata lau, sai zafin Tanut da kika sani. Ki gaida Jibo, tunda ke bakinki ba ya iya ɗaukar sunansa. Ki gaida surukarki Dado da kyau, da ɗiyarki Fatu.

Batun tafki ƙarya kike yi. Ni na shiga da kaina don in yi wanka, kuka kuma ban yi ba, ruwa ne ya shiga mini ido.

Na gane abin da ke cinki tun layin farko. Matan Fulani suna jera fararen ƙorai a gaban bukka, ke ba ki da abin nunawa sai baƙar tukunya mai igiya a wuya. To kunyarki ta ƙare. Na je butik ɗin da matan jandarma da matan malaman lakwal, makarantar boko, suke sayayya, na ce a ba ni wadda ta fi kowace. Sunanta kasarol. Fara ce fat, na duba fuskata a cikinta na tabbatar har yanzu ni ne kyakkyawan danginmu. Tana da murfi, tana da baƙaƙen mariƙai biyu don kada hannu ya ƙone. Ba ta da nauyi ko kaɗan, takarkarinku ma sai ya yi mini godiya. Ki jefa ta ƙasa ki gani, ba ta fashewa. Na gwada a gaban mai butik, ransa ya ɓaci.

Zancen zaman Belbeji kuwa, ni ban ga abin kuka ba. Ga ɗaki, ga inuwa, ga kasuwa kusa, ba sauro, ba bin wutsiyar saniya cikin ruwa. Wasu matan roƙo suke a bar su a gari. Amma tunda daji kike so, ga tukunya nan, ki je.

Ladana man shanu ne, cikin faifai ko cikin kwalba, ban zaɓa ba.

Ubangidanki,
Ila


Ruga
Mayu 1978

Ila,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa. Muna lafiya. Ga kasarol ɗinka nan a hannun Ɗan Azumi, ka ci gaba da duba fuska.

Ranar da ta zo kaf matan ruga suka taru, kowace tana leƙa haƙoranta a ciki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Inna ta ɗaga ta da yatsa biyu, ta ajiye.

Na ɗora ta a wuta. Kai da ba ka taɓa hura murhu ba, bari in koya maka: duwatsu uku ne, tukunya kuma gindinta a dunƙule yake don ta zauna a tsakaninsu. Taka gindinta a baje yake kamar faifai, tana bisa duwatsu tana rawa. Na zuba gari, na sa muciya. Tuƙin farko ta zame. Na sa wata ta riƙe mini, na biyu gindin ya lotsa. Ƙasa ya ƙone, sama ɗanye, mariƙan nan da kake yabo suka fara narkewa suna wari har 'yan maruƙa suka tashi. Da daɗin baki aka ci tuwon ranar.

Na ce tunda ba ta iya tuwo ba, ta riƙe mini ruwan kanwa, yadda kowace mace take jiƙa kanwarta a ƙaramar tukunya ta ajiye ta yi ta ɗiba. Wa ya taɓa jin kanwa ta ci tukunya? Cikinta ya yi baƙi, na goge da yashi, na sake jiƙawa. Wata safiya na tarar da ƙasa ta shanye ruwan. Inna ta ɗauke ta ta ɗaga wajen rana, haske yana zubowa a fuskarta ta ƙananan huji. Ta ce, "'Yar Haɓe, rariya ɗan uwanki ya aiko miki?" Mata suka yi dariya, ni ma na yi. Da yamma ta ce mini za a aika Belbeji a share ɗakin bara.

Ka ce ba ka ga abin kuka ba. To saurara, tunda sai an buɗe maka magana kamar yaro. A gaban mutane ba ni da ikon kiran sunan yarinyar nan, ba ni da ikon ɗaukarta. In ta faɗi sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga ta. Haka uwata ta yi da yayana, haka nake yi, ban ce a canza ba. Abin da ya rage mini shi ne in dafa, ta ci, ina kallo ta wutsiyar ido. In aka bar ni a Belbeji, wannan ma ya tafi. Ina sonta, Ila, har yana yi mini ciwo a ƙirji, kuma ba wanda zan iya faɗa wa haka a nan, ko ubanta. Abin da nake da ikon faɗa shi ne tukunya.

Man shanu babu.

Kulu


Ruga
Yuni 1978

Taubashina Ila,

Da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya.

Kasuwar Belbeji ta ci ta sake ci, ban ga kamiyon Ɗan Azumi ba, ban ga takardarka ba. Wannan na ba Aghali, wani Buzu mai raƙuma da zai kai cuku Tanut.

Na san na yi maka zafi. Kai ka kashe abinka don ka faranta mini, ni na mayar maka da shi da baƙar magana. In shirun nan fushi ne, ka yi haƙuri. Ba ni da wani taubashi mai mota a hannu, kuma ko da akwai, kai na saba zagi.

Ruwan farko ya sauka. Maigidana da ƙannensa sun tafi duba ciyawa, da sun dawo za a tashi. Na fara ware kayana daga nasu. Jiya yarinyar ta zo ta tsaya tana kallona ina ɗaure tabarma, ta ce, "Kulu, ke ba ki zuwa?" Sunana take kira, yadda ta ji Inna tana yi. Na ce ta je ta kore akuya daga kan gero.

Ba sai ka sake neman komai ba. Ka dai rubuto in san ba mu ɓata ba.

Kulu


Tanut
ƙarshen Yuni 1978

Kulu 'yar uwata,

Lafiyata lau, kuma ba fushi nake ba. Wa zai yi fushi da baiwarsa? Takardarki ta ƙarshe ta iso, Aghalin da ya kawo ta shi zai koma da wannan, da wani kaya a cikin buhu. Kada ki buɗe sai kin karanta, don na san halinki.

Ga dalilin shiru. Ranar da Ɗan Azumi ya ɗauko takardarki mai zafin nan, injin kamiyonsa ya buga a hanya, sai janyo shi aka yi. Har yau yana garejinmu da ciki a buɗe, muna jiran kaya daga Damagaram. Babu mai zuwa Belbeji.

Na karanta takardar a zaune. Na ji kunya, Kulu. Kin faɗa mini tun farko, ni kuwa ina can ina duba fuskata. Ranar ban iya cin tuwon rana ba, har Asibi mai tuwon tasha, wadda nake ci a wurinta tun ina koyon aiki, ta tambaye ni ko wata ce ta ƙi ni. Na nuna mata kasarol. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ja ni bayan rumfa ta nuna mini tata tukunyar, wadda take tuƙi a ciki tun kafin fari. Ta ce ta tuwo zubi ake yi, ba bugu ba. Gindi a dunƙule, kauri kamar babban yatsa. Kunnuwa a zuba su tare da jiki, ba a liƙa da ƙusa ba. Girma daidai yadda mace ɗaya za ta sauke ta cike ba ta kira kowa ba.

Akwai wani maƙerin fari, Sani, da ya zo daga Damagaram, yana zuba tukwane a cikin yashi. Ya ce aiki ba wuya, ƙarfen ne babu, farin nan mara nauyi da ake kira goran ruwa. Na tsaya ina tunani, sai na tuna abin da ke kwance a garejinmu. Fistan ɗin mota da shi ake yi. Na je wurin Ɗan Azumi na ce matattun fistan ɗinsa nake so. Ya ce in ɗauka, in dai za su yi tuwo sun fi shi amfani a halin yanzu. Na haɗa da kasarol, na ce ita ta jawo, ita ma ta shiga wuta.

Zubin farko ya fito da kyau a idona. Asibi ta cika shi da ruwa ta ajiye a rana, ta zauna tana tauna goro. Can sai ga wani ɗigo yana tsattsafowa a gefe kamar gumi. Ta ce a fasa. Sani ya ce ai da an dafa sau biyu zai toshe. Ta ce ɗiyarsa za ta dafa ko ɗiyar mutane? Aka fasa, aka sake narkawa. Na biyun ya wuni da ruwa, jikinsa a bushe. Ta ƙwanƙwasa shi ko'ina da muciya, murya ɗaya yake yi.

In kin buɗe murfi za ki ga ƙaramar tukunyar ƙasa a ciki, naɗe da tsumma. Kyautar Asibi ce. Ta ce kanwa da miya mai kanwa a ta ƙasa suke kwana, kada ki sake ki bar su a ta ƙarfe komai kaurinta. In za a tashi ki mayar da ƙaramar cikin babbar, ita za ta tsare ta. Ƙarafa biyun nan masu ƙugiya kuwa ni na lanƙwasa su da hannuna. Ki maƙala su a kunnuwan, ki take da ƙafa, ki tuƙa da duk ƙarfin da kika tura ni tafki da shi. Eh, ke kika tura ni.

Na roƙi Aghali kada ya tsaya shan shayi a kowace rijiya. Allah ya sa ya riske ku.

Ki gaida Fatu. Ni kawunta ne, ba mai hana ni: Fatu, Fatu, Fatu. Na kira miki.

Ila


Arewa, kusa da Adarbisanat
Satumba 1978, bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga taubashina Ila, babban bakanike, mai gyaran mota da tuwo.

Barka da Salla, barka da shan ruwa. Ka duba saman takardar nan da kyau ka ga daga inda take. Muna lafiya ƙalau. Ciyawa har gwiwa, shanu sun yi sumul, nono ya dawo. Wani mai kamiyon Agadas zai ajiye maka wannan da kwalbar man shanu, ka ci ka yi ƙiba ko wata ta yarda ta aure ka.

Aghali ya iso da hantsi ana ɗaure kaya. An riga an ɗora nawa a kan jaki, an juya kansa wajen Belbeji. Ban karanta takardarka ba sai daga baya, ka san halina. Na kwance buhu a tsakiyar mutane. Matan da suka yi dariyar rariya suka matso, amma ba wadda ta ga fuskarta a wannan, jikinta kaushi ne, launin toka.

Inna ta sa yatsa biyu, tukunya ta ƙi tashi. Ta sa hannu biyu. Ta fitar da ƙaramar ta miƙo mini, ta ɗaga babbar wajen rana ta daɗe tana dubawa. Sannan ta kife ta a ƙasa, ta dafa sandarta, ta hau kai ta tsaya da ƙafa biyu. Da ta sauko ta ce, "Tuƙa mu gani."

Maza suna cewa rana tana yi, ta ce ranar ta jira. Na jera duwatsu, tukunya ta zauna daram kamar don su aka yi ta. Na maƙala ƙarafanka na take, na zuba gari. Ila, tun da na bar Falanko ban yi tuƙi irin na ranar ba. Na saki hannu yadda Goggo ta koya mini, muciya tana duka, tukunya ko gezau. Tuwo ya nuna har ciki, ba gudaji, ƙanzo ya ɓanɓaro a dunƙule. Inna ta ci loma, ta ƙara, ta ce miyar ba gishiri. Sai ta dubi ɗanta ta ce, "Kai kuma me kake jira? Juyo da kan jakin nan."

Ban yi guɗa ba, don ba a yi a gaban suruka. Na je bayan bukka kamar zan ɗauko igiya, na yi rawata ni kaɗai.

Hanya ta gwada ta. Wata rana tsawa ta firgita takarkari a wani wuri mai duwatsu, ya watsar da kaya ya ruga. Ƙoran Inna biyu suka fashe, na ji mata zafi. Tukunya ta gangara har cikin kwari. Na sauka da gudu na kwance igiyar murfi, ƙaramar tana ciki lafiya lau, babbar kuma ɗan ƙarzuwa kawai a kunne. Duk azumi a cikinta aka yi kunun buɗa baki da tuwon sahur, rugar da ke kusa da mu ma suna aikowa aro. Yanzu mata huɗu sun ce suna son irinta. Ka gaya wa Sani, kai kuma ka fara addu'ar injin wani ya buga. Ka durƙusa ka gaida Asibi a madadina, ka ce kanwa ba ta taɓa kwana a inda ta hana ba.

Yarinyar ta yi kumatu. Ƙanzo nata ne, ba mai taɓawa, da ta ji an sauke tukunya sai ta zo ta tsuguna.

Ga abin da na ajiye maka a ƙarshe. Washegarin tashinmu Inna ta ce ƙarar murfin tukunyar nan tana tsorata mata 'yan maruƙa, dole a sami mai riƙe shi a hanya. Ta sa aka mayar da tukunya kan jakin da nake hawa. Ta ɗauko yarinyar daga kan takarkarinta ta ɗora ta a gabana, ta ce, "Riƙe murfin nan da kyau, kada ki sake shi." Tun daga ranar, duk tashin da za a yi, a gabana take zama, hannunta a kan murfi, bayanta a ƙirjina. In barci ya ɗauke ta ni ke riƙe ta, don kada murfi ya faɗi.

Ka gaya wa Sani ya iya aiki. Murfin nan ya zauna cif a bakin tukunya, da igiya kuma ake ɗaure shi, bai taɓa yin ƙara ba ko sau ɗaya. Inna ma ta sani, ita ke ɗaure igiyar.

Taubashiyarka,
Kulu